Shekarar da Na Bar wa Rabi Gida

Da sunan Allah, wanda ya ga abin da ya faru tun kafin ni in gani.

Wannan babin naku ne, ku huɗun ɗakin Salisu. Ni ke faɗa, gwaggonku Hajara ke rubutawa, don ni ban taɓa riƙe alƙalami ba, kuma na ja mata kunne kada ta gyara mini magana. Na san abin da kuke ji a bakin mutanen unguwa: wai uwarku ce ta kore ni daga gidanmu na Gwarzo, ta mallake mini ɗa, ta miƙe ƙafa a ɗaki ta bar tsohuwa da ƙunshin kaya a hanyar Lakwaya. Babbarku ta taɓa tambayata a fakaice, na aike ta ɗauko mini buta. Yau zan ba da amsar, sau ɗaya.

Uwarku Rabi daga Kabo aka kawo ta, 'yar Malam Idi mai ɗinkin hula. A lokacin kakanku ya shekara uku da rasuwa, gidan daga ni sai Salisu, sai sana'ata ta ƙuli-ƙuli da man gyaɗa. Wanda bai taɓa matsar gyaɗa ba bai san aikin ba. A soya, a murje, a kai inji, a dawo a zuba a turmi ana ɗiga ruwan zafi ana juyawa da taɓarya har mai ya taso, sannan a mulmula tunkuza a toya. Sati biyu da kawo ta Rabi ta shiga aikin nan, ba wanda ya ce mata ta shiga. Hannunta na da ƙarfi, ba ta da surutu. Ban taɓa yaba mata ba. A wurinmu idan uwar miji ta yi shiru, yabon ke nan, kuma na yi shiru shekara goma sha shida.

Akwai abin da ya kamata ku sani game da tarbiyyar gidan Malam Idi, don a kansa maganar take. Rabi ba ta taɓa zama a tabarma ɗaya da ni ba. Ba ta taɓa cin abinci ina gani ba. In na fito tana zaune, sai ta miƙe. In na yi mata magana, sai ta durƙusa. In ba ta da abin yi, sai ta nemi tsintsiya, don kada idona ya faɗa kanta hannu ba komai. Kwanciya kuwa, ko da tsohon ciki ban taɓa ganin haƙarƙarinta a ƙasa ba. Matan unguwa suna ce mini na yi dace, ni ma haka na ɗauka. Ɗakina shi ne na gabas, ƙofarsa na kallon tsakar gida gaba ɗaya: madafa, rijiya, ƙofar Rabi, bakin zaure. A nan nake ajiye kujerata tun hantsi. Ba abin da ke motsi a gidan nan ban gani ba, kuma ina taƙama da haka.

Sai shekarar da aka rufe kasuwanni da masallatai ta zo. Zazzaɓin annobar ya kama mu mu uku a sati ɗaya: tari, ciwon jiki, abinci ba ɗanɗano, ko daddawa ba ka jin ƙanshinta. Salisu ya miƙe a kwana bakwai. Ni tsohuwa na miƙe a kwana goma sha biyu na koma turmina. Rabi ma ta miƙe, amma ba duka ta miƙe ba. Ta wanke tukwane uku sai ka ji tana haki kamar wadda ta hau dutse da kaya. Ta sa gishiri sau biyu a miya, ko ta manta ba ta sa ba. Ta tsaya tsakiyar salla ta rasa raka'a ta nawa take. Abin da ya fi tsaya mini a rai shi ne ciwon yana zuwa yana tafiya. Yau ta yi wanki ta yi shara har ta raka ni gidan suna, gobe da jibi tana bayan labule ta kasa ɗaga kai, kuma sau da yawa goben ita ce ranar matsa. Ni a sanina ciwo ba ya zaɓen rana. Mai zaɓen rana sunansa daban.

Salisu ya kai ta asibiti ba sau ɗaya ba. Aka ɗebi jini, aka ce ba maleriya, ba taifot, ba shawara, jinin ma ya isa. Aka sha rubutu, aka yi hayaƙi, aka jiƙa saiwoyi. Damina biyu ta wuce a haka. Na fara faɗin kalmar a raina, daga baya na faɗe ta a gaban masu zuwa sayen mai: raguwa. Na faɗa ina sane tana ji. Wata safiya da Salisu ya shigo gaishe ni na ce masa:

"In an gama girbi ka mayar da ita Kabo ta yi jinya."

"Inna, jinya har zuwa yaushe?"

"Har ta warke."

Salisu ba ya musu da ni. Amma ni da shi mun san irin wannan jinyar. Tafiya ce da ba a sa mata ranar dawowa, yara su zauna wurin kakarsu, bayan shekara takarda ta bi ta. Ƙaramarku a lokacin ba ta daɗe da yaye ba.

Gero ya fara fitar da kai Salisu ya dawo daga asibiti da labarin wasu masu bincike daga Kano, suna neman mutanen da zazzaɓin ya sake su amma jikinsu bai dawo ba. Bayan kwana kaɗan wata nas ta yi sallama, Malama Binta, gajeruwa, mai kallon mutum a ido. Ta gaishe ni har ƙasa, ta tambayi gida da damina da sana'a. Amma da aka zo batun izini sai ta wuce ni ta shiga wurin Rabi, ta karanta mata takarda, ta tambaye ta ita ko ta yarda. Na riƙe wannan a raina. Abin da ta fito da shi daga jaka agogo ne baƙi na roba, cikinsa na ƙyafta wata koriyar wuta a jikin fata, sai waya guda da za ta zauna kusa da shi.

"Maganin ke nan?" na ce.

"Ba magani ba ne, Inna. Mu ma ba mu san ciwon ba tukuna. Koyo muke."

Ita ce ta farko cikin ma'aikatan asibiti da na ji ta ce ba ta sani ba.

"Yana jin maganar mutane?"

"Ba ya ji. Bugun zuciya yake ƙirgawa, da taku, da barci. Ya ba waya, waya ta aika mana Kano."

"To ya fi wasu a unguwar nan mutunci. Alwala fa?"

"Ruwa ba ya masa komai. Ta matsar da shi ta wanke hannu, ta mayar."

Ban hana ba, amma don dalilina, ba don nasu ba. Na ce a raina ga mai gadi na samu wanda ba ya gyangyaɗi. In ƙarya ce, abin nan zai faɗa wa mutanen Kano, su faɗa wa Salisu, ba da bakina ba. Kullum da safe wayar kan yi ƙara, muryar wata mata ta tambayi Rabi yaya jiki, yaya barci, yaya numfashi. Daga kujerata ina jin amsar. Da sauƙi. Alhamdu lillahi. Da sauƙi. Ko ranar da ta kasa fitowa ɗaukar buta haka take ce wa wayar. Na ce wa Salisu, ka ji da kunnenka.

Bayan sati shida Malama Binta ta dawo da wata babbar waya mai faɗin allo. Ta zauna bakin ƙofar Rabi, ni ina kujerata ina ɓarar gyaɗa, kunnena na can.

"Rabi, waya ta ce kin warke, agogo ya ce ƙarya ne. Wa zan yarda da shi?"

"Ai ba a ce wa mai gaisuwa babu sauƙi, Malama."

"Wannan ba gaisuwa take ba, tambaya take. Daga yau ki faɗa mata gaskiya, ba ta da maƙwabciyar da za ta kai wa."

Ta juya allon ta nuna mata wani zane kamar haƙoran zarto. Ta ce a Kano sun rasa gane shi. Takun Rabi kaɗan ne, bai kai na tsohuwa mai sanda ba, amma sau da yawa a yini zuciyarta kan tashi ta yi gudu kamar ta wanda kare ya biyo, ta sauka, ta sake tashi. Me ke faruwa a waɗannan lokutan? Rabi ta sunkuyar da kai ta ce ita ba ta sani ba. Malama Binta ta dube ta, ta dubi tsakar gida, ta dube ni. Sannan ta roƙi arziki in bar ta ta yini. Ta zauna gindin lemo da faifai tana taya ni ɓara, allon a cinyarta, biro soke a ɗankwali. Ban canza komai ba don baƙuwa. Na leƙa madafa, na duba akuya, na ɗebi ruwa, na yi gyaran murya yadda na saba. Bayan la'asar ta nemi mu shiga ɗakina.

"Inna, Talata da Laraba na makon jiya, me ya faru a gidan nan?"

"Ba abin da ya faru. Ba na ma nan, na je ta'aziyya Madadi."

Ta nuna mini wurin a allon. Ban iya karatu ba, amma ba sai da karatu ake bambanta haƙoran zarto da ruwan da ya kwanta a ƙwarya ba. Kwana biyun nan zanen kwance yake. Ta ce a rana ta biyun ma Rabi ta yi girki, tana yi tana kwanciya, washegari kuma ba ta faɗi ba. Sannan ta buɗe takardar da ta yini tana rubutu. Duk inda haƙori ya tashi yau, ta rubuta abin da ya faru a gefensa, ta karanta mini. Inna ta fito. Inna ta yi tari. Inna ta ja takalmi. Inna ta kira akuya.

"Ba ke kika sa mata ciwon ba," ta ce. "Ciwon na jikinta, da ta miƙe tsaye zuciyarta ke ɗaukar gudu, mun ga irinsa a wasu. Amma ƙarfin da take tashi da shi kullum tulu ɗaya ne, ba a ƙara mata. Ita kuma wajen tashi miki take tuttular da shi. Kafin azahar tulun ya ƙafe, sai ta shiga na gobe."

"Kin gama?"

"Na gama, Inna."

"To a gaida mutanen Kano."

Ban yarda ba. Ba na yarda da abin da ban gani da idona ba, balle abin roba. Washegari na ajiye ƙaramin kwano a gefen kujerata. Labulen Rabi bai kai ƙasa ba, ta ƙarƙashinsa nake ganin ƙafafunta. Na yi gyaran murya: ƙafa biyu suka sauko daga gado. Na jefa gyaɗa ɗaya a kwano. Na miƙe kamar zan je rijiya: labule ya ɗaga, ga ta da tsintsiya, leɓɓanta sun yi fari. Na jefa ta biyu. Bayan waɗannan biyun ban ƙara yin komai da gangan ba, na yi yinina yadda na saba. Da aka kira magariba gyaɗa ta rufe gindin kwanon har ta hau kan juna. Na zauna ina kallonta. Shekara goma sha takwas ina gadin matar nan, na san kazar da ta fi cin tsaba a gidan, ban san wannan ba. Ba don a ɓoye yake ba. A gabana ake yi, sunansa ladabi, ina karɓa.

Na kira ta na ce:

"Daga yau kada ki ƙara tashi mini. In na fito, ki yi kwanciyarki."

"To, Inna."

A durƙushe ta amsa. Malama Binta ta gyara agogon ya riƙa girgiza a hannunta in zuciyar ta wuce iyaka, alamar ta nemi wuri ta kwanta. Sai ya zama ina jin ɗan kukansa, kamar ƙudan zuma a cikin gora, ita kuma ta dafe shi da ɗaya hannun ta ci gaba da tsayuwa. Na yi faɗa, ta ba ni haƙuri a tsaye. Na riƙa tafiya ba takalmi, ta koyi jin ƙarar ƙofata. Na shige ɗaki na yini ban fito ba, shirun ya dame ta, ta zo da kwanon fura ta durƙusa tana tambaya ko lafiya. Sati uku muna wannan. Abin da uwa ta dasa tun yarinya na rarrafe ba ya tuguwa da umarni, kuma ba laifin Rabi ba ne da ya kama ƙasa sosai.

Na zauna na auna. In ta je Kabo, uwarta ba ta da rai, matan yayyenta uku ne a gidan, su za ta koma tashi wa. Ga kalmar da na riga na sa a bakin mutane, ga yara huɗu. Gidan ba zai ɗauke mu mu biyu ba, ba don faɗa ba, don ba mu taɓa yin faɗa ba. Ɗaya sai ta fita, kuma ɗayarmu ce kawai ke da ƙafar fita.

Da aka gama girbi, a daidai lokacin da na sa wa Rabi, na ce wa Salisu ya samo mota ya kai ni Lakwaya wurin Hajara. Ya tambayi dalili, na ce Hajara na buƙatar hannu. Ga Hajara nan zaune tana rubutawa, ta san ba ta buƙaci komai ba. Na ɗauki akwatina da tabarmata da kwanukana. Na bar turmi da kaskon suya da kujerar. Rabi ta riƙe bakin zanena tana kuka tana tambayar abin da ta yi. Na ce ta sake ni, rana na yi. Ban gaya wa kowa gaskiya ba. Ba asirin kowa nake rufawa ba sai nawa: na kasa buɗe baki in ce agogon roba ya ga abin da ni ban gani ba.

Kada wani ya ce muku fitar da sauƙi ce. A ɗakina na Gwarzo na haifi bakwai, Allah ya karɓi uku, a can kakanku ya cika. Masu sayen mai suka koma wurin wata, sana'ar shekara talatin ta mutu a wata biyu. Kuma kun san yadda ake kallon macen da ta tare a gidan surukinta. Mijin Hajara mutumin kirki ne, ya gina mini ɗaki a gefe, amma ni da ake tashi wa na koma mai laɓewa in na ji takunsa, ina cin tuwo ƙofa a rufe. A nan na san nauyin abin, a gwiwoyina. Salisu ya riƙa zuwa duk Juma'a da labari. Rabi na girki a zaune. In agogo ya girgiza ta kwanta a tabarma a tsakar gida, a fili, yara na tsallake ta. Faɗuwar kwana biyu-biyun ta ragu. Na ce to madalla, na tambayi akuyata.

Abin da ban auna ba shi ne bakin mutane. Sun ga tsohuwa ta fita da kaya, sun leƙa sun ga matar ɗa kwance a tsakar gida da rana tsaka da agogo a hannu, ga kuma kalmar da ni da kaina na ba su. Ba su nemi ƙari ba. Kafin azumi magana ta kai Kabo. Wata Talata da hantsi, ba ranar zuwansa ba, Salisu ya tsai da mashin a ƙofar gida.

"Inna, Malam ya zo jiya ya tafi da ita. Ya ce 'yarsa ba za ta ƙara kwana a gidan da ta kori uwar miji ba."

"Kai me ka ce?"

"Me zan ce? Ni ma ban san dalilin fitarki ba."

"Hajara, miƙo mini mayafi."

Kafin azahar muna Kabo. Tsakanina da Malam Idi magana ba ta taɓa wuce gaisuwa ba, ita ma daga nesa, yadda ya kamata tsakanin surukai. Ya shimfiɗa mini tabarma a zaure, ya zauna can bakin ƙofa yana kallon waje, hular da yake ɗinki a gwiwarsa. Salisu ya tsuguna a waje. Muka gaisa: gida, iyali, gajiya, zafi, waɗanda suka riga mu. Yana ce mini Hajiya ko da yake ban je ba. Da gaisuwa ta ƙare ya ce:

"Hajiya, ni ya kamata in zo. Kunya ce ta hana ni."

"Malam, ba haƙuri na zo a ba ni ba."

Na faɗa masa duka, ina kallon bango. Zazzaɓin, tulu ɗaya, zanen haƙoran zarto, kwana biyun Madadi. Na ce masa na kira 'yarsa raguwa a gaban masu sayen mai alhali tana ƙarar da ranta wajen girmama ni. Na ce ba ita ta kore ni ba, ni na fita don ta samu ta kwanta, tunda tarbiyyar da suka ba ta ba ta barinta ta kwanta ina nan. Ya soke allurar a jikin hular ya ce:

"Agogo ne ya faɗi duk wannan?"

"Agogo ya faɗa, ban yarda ba. Na ƙirga da gyaɗa, ta gaskata shi."

"To ki koma ɗakinki in mayar da ita. Magana ta mutu."

"In na koma magana ta mutu, ita ma ta bi ta."

"Mutane fa?"

"Su yi ta faɗa. Na saba."

"Ba ke suke zagi ba, Hajiya. Ita suke zagi."

Gaskiyarsa ce. Ya ce zai mayar da ita a kan sharaɗi ɗaya: abin da na faɗa wa bangon zaurensa in faɗe shi a gaban matan unguwarmu, da bakina. Na ce na ɗauka. Ya aika aka kira Rabi. Ta fito tana dafa bango, kwana ɗaya a gidan ya kwashe abin da watanni suka tara. Tana ganina gwiwarta ta nufi ƙasa, abin hannunta ya fara kuka. Uban ya kalli hannun, ya kalle ta, ya ce ta je ta haɗa kayanta. A motar da Salisu ya samo mana na zauna gaba ban waiwaya ba, ta kwanta a baya. A tashar Gwarzo na sauka, ban bi su gida ba.

Da shekara ta cika masu binciken suka karɓi agogonsu. Magani ba su samo ba, Malama Binta ba ta ɓoye ba. Ta biyo ta Lakwaya ta yi mini sallama, ta ce yanzu cikin tambayoyin da wayarsu ke yi wa mata sun ƙara guda: wa kike tashi wa a gida, kuma sau nawa? Na ce Allah ya ba da sa'a. Uwarku ba ta koma yadda take ba, ba ta ƙara riƙe taɓarya ba. Amma tana yi muku tuwo, tana yi muku kitso, tana ɗakinta har yau, kuma ta koyi jin zuciyarta ba tare da agogo ba. Ina zuwa gidan sau biyu a shekara, da salla, in gaisa in fito kafin ta gaji.

Alkawarin zaure kuwa ban cika ba. Sau uku ina zuwa suna a unguwar da maganar a bakina, in ci waina in dawo da ita. Kullum sai in ce wani taron. Malam Idi ya rasu bara bai ji an ce na faɗa ba. Rabi ba ta taɓa tuna mini ba, kuma ita ke ɗauke da sunan da shiruna ya ɗora mata; ku ma kun sami rabonku a bakin famfo da hanyar makaranta.

Saboda haka ga abin da za a yi. Babbarku ta gama karatunta, bikinta saura wata biyu. Ranar yini, in mata sun cika tsakar gidan Gwarzo, bayan an ci abinci kafin a watse, Hajara za ta miƙe ta karanta wannan babin da ƙarfi, daga farko har nan, ba tsallake. Zan zauna a gaba inda kowa zai ga fuskata, mai tambaya ta yi mini. Uwarku kuma a shimfiɗa mata katifa a ƙofar ɗakinta. In na shigo ta yunƙura, ku huɗun ku riƙe ta.